Amsa ga mai son canza likitan da ke duba damuwarta

Ƴar'uwa, kin ce kin daɗe kina zuwa wurin masanin halayyar ɗan Adam a nan Maradi, amma kullum kina fitowa kamar ba a saurare ki ba, kuma kina jin nauyin canza shi. Canzawa ba laifi ba ne. Wannan magani da hira ake yin sa, in babu yarda tsakaninku da wuya ya yi aiki.

Amma ki bambance abu biyu. Kuka ko nauyin ƙirji bayan an taɓo tsohon ciwo, wannan yana cikin aikin. Amma in yana katse ki, idonsa na kan waya, ko ya dinga zuba Faransanci alhali da Hausa kike iya fitar da abin da ke ranki, ki faɗa masa tukuna, wataƙila ya gyara. In kuwa sirrinki ya fita, kin san garinmu kowa ya san kowa, kada ki koma. In mace kike so, ki nema kai tsaye.

Inda mutane ke kuskure shi ne su ɓace shiru, su watsar da magani. In likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta miki ƙwayoyi, kada ki daina farat ɗaya, ciwon na iya dawowa. Magungunan baƙin ciki kan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji sauƙi. Ki karɓi takardar bayanin jinyarki ki kai wa sabon. Ƙwararru sun yi ƙaranci a nan, don haka ki samu wani kafin ki sallami wannan.

In tunanin kashe kai ya zo miki, ki gaya wa wanda kika amince da shi, ku tafi babban asibiti a ranar. Allah Ya ba ki lafiya.