Mama ta ajiye magani, wai ta yi tarayya da halin Allah

Tambaya: Baba Fasto, barka da aiki. Tun Lahadin farko ta lokacin jiran Zuwan Almasihu hankalina bai kwanta ba. Wani mai wa'azi ya yi taron kwana uku a unguwarmu, ya karanta 2 Bitrus 1:4, ya ce tunda mun zama masu tarayya da halin Allahntaka, ciwo ba shi da iko a jikinmu. Mamata ta ajiye maganin hawan jininta, yau kwana tara. In na yi magana sai ta ce ba ni da bangaskiya. Ni ce na kauce, ko shi?

Amsa: 'Yata, ki kai Mama a auna jininta yau ɗin nan, ta koma kan maganinta yadda likita ya tsara. Hawan jini ba ya sallama. Mace tana cikin waƙa a zumuntar mata sai ɓarin jikinta ya shanye.

Ayar gaskiya ce, ita ce ma abin da muke tunani a kai a Lahadi huɗun nan kafin Kirsimeti. Atanasiyus, bishop na Iskandariya a ƙarni na 4, ya tsaya a kan wannan koyarwa: Ɗan Allah ya ɗauki abin da yake namu domin ya ba mu rabo cikin ransa. Kin taɓa tsayawa a maƙera? Ƙarfe a cikin wuta yakan yi jawur, ya ɗauki zafinta da haskenta, amma yana nan ƙarfe. Haka muke, ta wurin alheri.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, kowace Disamba sai masu wannan wa'azi sun fito kamar farin ɗango. Su yanki rabin aya, su haɗa da "ku alloli ne" na Zabura 82:6, su rufe Littafi. Me ya hana su karanta aya ta 7, inda aka ce wa waɗannan ɗin za su mutu kamar kowane mutum? Wa ya fara yi wa mace alkawarin za ta zama kamar Allah? Maciji ne, a Farawa 3:5. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa, ba a cire ba. Ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas. Ya ba Timoti shawara saboda ciwon ciki da yawan laulayinsa. Luka, wanda daga bishararsa muke karanta labarin Maryamu da makiyaya, likita ne. Duk waɗannan ba su kai baƙon unguwarku bangaskiya ba? Na yi jana'izar mutanen da aka raba da maganinsu da irin wannan magana. Ban taɓa ganin mai wa'azin a makabarta ba, ya riga ya tattara ambulan ɗin baikonsa ya yi gaba, an bar marayu da bashin asibiti.

Bitrus da kansa ya faɗi kamannin tarayyar nan, a 2 Bitrus 1, daga aya ta 5 zuwa ta 7: nagarta, sani, kamun kai, jimiri, ibada, son 'yan'uwa, ƙauna. Me mutum zai yi da jimiri in ba zai sha wahala ba? Wanda muke jira ya zo da jiki irin namu, an kwantar da shi a komin dabbobi, ya ji yunwa, ya gaji ya zauna a bakin rijiya. Jikin da ba ya ciwo yana nan tafe, ranar da zai komo ya ta da matattu.

Kada ki yi gardama da Mama, uwa ce. Ki ɗauki faston ikilisiyarku ku je tare, ku zauna ku karanta mata surar gaba ɗaya, a yi addu'a, sannan ki miƙa mata ruwa da ƙwayar da hannunki.