Shin za a gina banɗaki da ɗakin wanka da kuɗin zakka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ne ma'ajin kwamitin wani masallaci a kusa da kasuwar Mile 12 a Legas. Akwai matasa da yawa, 'yan dako da waɗanda suka rasa sana'a tun da aka hana acaba a wasu sassan Legas a 2022, suna kwana a rumfuna da ƙarƙashin gada, ba su da wurin wanka ko kewayawa. Da asuba sukan cika famfunan alwalarmu har masallata sun fara ƙorafi. Wani attajiri ya damƙa mini zakkarsa ta bana ya ce in raba wa mabuƙata, ni kuma ina ganin gina musu banɗakuna da ɗakunan wanka a bayan masallaci zai fi amfani. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka kalli waɗannan bayin Allah da idon tausayi a lokacin da wasu ke ganinsu a matsayin masu ɓata wurin alwala. Aikin da kake nufi sadaka ce mai gudana, babu saɓani a kan haka. Abin da ya sauya hukunci shi ne kalmomi biyu a cikin tambayarka: "zakka" da "raba". Kai wakili ne, an ba ka amana aka faɗa maka inda za ta je, don haka idan ka zuba ta a siminti da bulo, zakkar Alhajin ba ta sauka daga wuyansa ba, kai kuma lamunin kuɗin yana kanka.

Na san za a ce maka ai "fi sabilillahi" da ke aya ta 60 a Suratut Tauba, ayar da ta lissafa waɗanda ake ba zakka, ta game kowane aikin alheri, kuma Razi ya kawo a tafsirinsa cewa Ƙaffal, wani malamin Shafi'iyya, ya naƙalto hakan daga wasu malaman fiƙihu. Wannan ra'ayi ne mai rauni. Ayar ta fara da "innama", wadda ke taƙaita rabon ga kashi takwas, to da a ce kashi ɗaya ya haɗiye dukkan alheri, mene ne amfanin lissafa sauran bakwan, alhali ciyar da miskini da biyan bashin mabarci su ma alheri ne? Mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa ba a gina masallaci ko gada da zakka, kuma Shehu Khalil a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, bayan ya halatta ta ga mujahidi da kayan yaƙinsa, ya hana a gina ganuwar gari ko jirgin ruwa da ita. Idan ganuwar da ke tsare rayukan Musulmi ba ta samu shiga ba, banɗaki ba zai samu ba. Masu cewa ai talakawa ne za su amfana, sai mu ce zakka haƙƙi ce da ake mallaka wa talaka a hannunsa ya yi yadda ya ga dama, shi kuwa gini ba mallakin kowa ba ne cikinsu, mai shago da fasinja ma za su shiga. Wataƙila wani daga cikin yaran nan abin da ya fi buƙata kuɗin mota ne ya koma gida, ko ɗan jarin da zai sayi baro, kai kuma ka zaɓa masa wanka ba tare da ka tambaye shi ba.

Saboda haka ka raba zakkar ga Musulmin cikinsu da ka tabbatar da talaucinsu, sannan ka koma wurin Alhajin ka nemi ya ɗauki ginin a matsayin waƙafi daga tsabar dukiyarsa. Wanda ya fitar da zakka da kansa ba zai yi wuyar saurare ba, musamman idan ka tuna masa rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya wa jama'ar Madina.

Idan ginin ya tabbata, ka nemi izinin hukuma, kuma a nisanta ramin masai daga rijiyar burtsatse, domin ruwan ƙasa a Legas yana kusa, kuma kwalarar da ta ɓarke a 2024 ba ta yi nisa da za a manta ba. A ware wa mata ɓangarensu da ƙofa mai sakata, a buɗe kafin asuba tun da lokacin ne buƙata ta fi tsanani, wanda ya wayi gari da janaba ya samu ya yi wanka ya riski jam'i. Kada a tambayi kowa addininsa ko ƙabilarsa a bakin ƙofa, sadakar ruwa ta game kowa. Karɓar ɗan abin sabulu da albashin mai shara daga masu hali ya halatta, amma kada a mayar da wanda ba shi da ko sisi, kuma kada a ɗauki hotunansu don neman tallafi a Facebook.

Kafin nan kuwa, ka roƙi liman ya yi wa masu ƙorafi nasiha, a ware wa yaran famfo ɗaya a gefe maimakon a kore su. Allah ne mafi sani.