Ana sayen sarauta a mulkin shekara dubu?

Tambaya: Baba Fasto, salama. Ni gwauruwa ce, 'yar Zumuntar Mata. A taron farkawa da aka yi a garinmu, baƙon mai wa'azi ya ce a mulkin shekara dubu wanda ya shuka iri mai kauri, wato ya ba da kuɗi mai yawa, zai mallaki birane goma, wanda bai shuka ba kuwa zai zama baran wasu. Ya kira layin masu naira 50,000, da na 20,000, da na 5,000. Ban iya fita ko ɗaya ba. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Mijina manomi ne, ya rasu bai taɓa riƙe wani muƙami a ikkilisiya ba. Ashe barori za mu zama? Ina tunanin sayar da awakina biyu in aika.

Amsa: Mama, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Ki bar awakinki a turke.

Ba zan tsaya kan gardamar malamai ba. Kin san wasu, irin su Ireniyus a ƙarni na 2, sun ɗauki shekara dubun nan a zahiri, wasu kuma sun bi Agustin suna cewa misali ne na zamanin ikkilisiya. Ni ina tare da na farkon, cewa Almasihu zai dawo ya yi mulki a nan duniya. Amma ko wane ɓangare mutum ya tsaya, babu wanda ya taɓa samun rasit a cikin Wahayin Yahaya 20.

Ki buɗe wurin. Sau shida aka ambaci shekara dubu daga aya 2 zuwa 7, kuɗi ko sau ɗaya bai fito ba. Waɗanda Yahaya ya ambata a aya 4 su ne waɗanda aka fille wa kai saboda shaidar Yesu, da waɗanda suka ƙi yi wa dabbar nan mai gāba da Allah sujada, suka ƙi alamarta. Ki koma sura 13 aya 17, za ki ga marar alamar nan ba ya iya saye ko sayarwa. Wato mutanen da aka kora daga kasuwa, waɗanda ko gishiri ba su iya saya, su ne aka ce za su yi mulki. Da wane kuɗi suka shuka iri? Aya 6 kuma ta ce duk mai rabo a tashin farko daga matattu zai zama firist na Allah da na Almasihu, ya yi mulki tare da shi. Mijinki, in ya mutu cikin Ubangiji, yana cikin waɗanda 1 Tasalonikawa 4:16 ta ce za su fara tashi. Ba a tambayar muƙami a wurin.

Aikin masu bi a mulkin nan shi ne firistoci da shari'a. Bulus ya ce tsarkaka za su yi wa duniya shari'a, har da mala'iku (1 Korantiyawa 6:2-3), a duniyar da Ishaya ya kwatanta, inda za a mai da takuba garemani.

Lada kuwa akwai shi, kuma ba ɗaya ba ne ga kowa. A nan ne 'yan damfara suke samun ƙofa, suna ɗaukar rabin gaskiya su cika ta da ƙarya. Maganar birane goma daga Luka 19 ta fito. Kusan kowane mako sai wani ya zo mini da ita a juye, har na gaji. A misalin, maigidan ne ya ba bayinsa kuɗi, kowa daidai da ɗan'uwansa. Ba bawan da ya ba maigida ko kobo don ya samu gari. Da ya dawo, abin da ya yaba shi ne aminci cikin ƙaramin abu. Birane goma da biyar ɗin ma ƙarin aiki ne aka ɗora wa amintattu. To, ta yaya labarin da maigida ke bayarwa ya koma labarin da mai wa'azi ke karɓa?

Shi kansa layin da aka kira ku ya isa shaida. A Matiyu 6 Yesu ya ce masu ba da sadaka don mutane su gani sun riga sun karɓi ladansu. Wanda ya fito gaban jama'a aka yi masa tafi, tafin nan shi ne birninsa, ya ci ya ƙare. Uwar 'ya'yan Zabadi ta je kamun ƙafa don 'ya'yanta su zauna dama da hagu a mulkin, Yesu ya ce wuraren na waɗanda Uba ya shirya wa ne, ya ƙara da cewa mai son zama babba sai ya zama bara. Kin ga kalmar da aka tsorata ki da ita, ita ce Ubangiji ya ɗaukaka. Siman mai sihiri ya fito da kuɗi a Samariya don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa. Ban san yadda mutum zai karanta Ayyukan Manzanni 8 da safe, da yamma ya riƙe makirufo yana yanka farashi ba.

Abin da za a gwada a gaban kursiyin shari'a na Almasihu shi ne irin aikin. 1 Korantiyawa 3 ta ce wuta za ta bi ta kan ginin kowa: zinariya, azurfa da duwatsu masu daraja su tsaya, itace, ciyawa da kara su ƙone. Wanda aikinsa ya ƙone zai yi hasara, amma shi kansa zai tsira, domin ceto ta wurin alheri ne. Ko kofin ruwan sanyi ba zai rasa lada ba, in ji Matiyu 10:42. Renon marayu, jinyar maƙwabciya, tsayawa ga sunan Yesu a inda yin haka ke jawo tsangwama, duk suna cikin lissafi. Ki ci gaba da ba da zakkarki da baikonki a majami'arku gwargwadon ƙarfinki, da farin ciki, ba don tsoro ba.

Ku kuma dattawan ikkilisiya, da ku nake. Baƙon nan bai faɗo daga sama ba, ku kuka gayyace shi, kuka ba shi bagade, kuna zaune ya yi wa gwauraye barazana, ba wanda ya tashi. Wasu ma na ji ana raba abin da aka tara, kaso kaza na baƙo, kaso kaza na gida. Kuna son karanta labarin gwauruwa mai anini biyu a Markus 12 duk ranar tara kuɗi, amma kuna tsallake aya 40 da ta zo kafinsa, inda Yesu ya ce malaman da ke cinye gidajen gwauraye za su sha hukunci mafi tsanani. Kafin ku sake gayyatar kowa, ku ji wa'azinsa tukuna, ku tambayi ikkilisiyar da ta aiko shi, ku gaya masa tun a ƙofa cewa ba a kiran layin kuɗi a nan. Matan da suka ci bashi ko suka sayar da hatsinsu a taron nan, ku nemo su ɗaya bayan ɗaya, ku mayar musu daga asusun ikkilisiya kafin Lahadi mai zuwa.