Tambayoyinku kan fasaha: Kakan surukata ya riƙe mashaya a Ingila, ta ina zan faro nemansa a intanet?

Wasiƙar wannan makon daga wani ɗan'uwa ce mazaunin Birmingham. Tana da tsawo, don haka na datsa ta gida-gida, ina amsa kowace gaɓa a inda ta faɗo.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni Bakatsine ne, na daɗe a nan Ingila, matata kuma Baturiya ce da ta musulunta. Bara surukata ta rasu, a cikin kayanta muka tarar da wani tsohon hoto: wani dattijo mai gashin baki, ɗaure da farin ƙyalle a ƙugu, yana tsaye a ƙofar wani gida mai allo da hoton zaki. Matata ta ce ta sha jin cewa kakan mahaifiyarta mashaya ya riƙe a wata unguwa ta Birmingham. 'Yarmu ta matsa tana son sanin danginta na wajen uwa. Na buga sunansa a Google ban ga komai ba, na shiga Ancestry, shafin binciken asalin dangi, ya jero mini mutane rututu masu suna iri ɗaya. Ta ina zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba iyalinka haƙurin rashi. Na san wani mai karatu zai ce me ya haɗa mu da gidan giya. Ba giyar muke nema ba, mutumin muke nema, kuma yarinya tana da haƙƙin sanin daga inda jininta ya fito. Ƙari a kan haka, ka yi sa'a da wannan sana'ar ce ya yi. Da leburan masana'anta ne, da sai ka sha wuya, domin talakan wancan zamani ba ya barin sawu a takarda sai ranar haihuwa da aure da mutuwa da ranar ƙidaya. Mai mashaya kuwa hukuma ta sa masa ido tun 1552, lokacin da doka ta ce ba mai buɗe gidan sayar da giya sai da iznin alƙalan yankinsa. Inda hukuma ta sa ido, nan takarda take taruwa.

Kuskuren da ka yi shi ne farawa daga sama. Sauko ƙasa, ka faro daga wadda ka sani, wato surukarka, ka yi ta hawa ɗaya bayan ɗaya. Tun 1 ga Yuli 1837 gwamnati take rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales. Shafin FreeBMD ya tara jerin sunayen kyauta, shafin GRO na gwamnati kuma yana nuna sunan gidan su uwar jariri kafin ta yi aure, wanda shi ne yake raba maka masu suna iri ɗaya. Takardar aure tana ɗauke da sunan uban ango da uban amarya da sana'arsu. Takarda biyu ko uku za ka saya, sai ga ka a gaban dattijon nan da shekarar haihuwarsa a hannu.

Daga nan sai ƙidaya. Ana yin ta duk shekara goma, kuma daga 1841 aka fara rubuta sunan kowa. Ana rufe ta shekara 100 kafin a buɗe wa jama'a, shi ya sa ta 1921 ce ta ƙarshe da ake iya gani. Ta 1931 ta ƙone a gobara a 1942, ta 1941 kuma ba a yi ta ba saboda yaƙi, sai dai rajistar da aka yi ranar 29 ga Satumba 1939 ta ɗan cike giɓin. In ka same shi a ta 1911, ka kira 'yarka ta gani, domin a wannan shekarar maigida ne yake cike takardar da hannunsa. Rubutun kakan kakarta ke nan da sa hannunsa za ta gani a allon wayarka.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci. Ka duba layin sana'a da kyau, ka ga da wace kalma aka kira shi. In an rubuta "Licensed Victualler", ko a taƙaice "Lic. Vict.", ko "Innkeeper", to mai cikakken lasisi ne, yana sayar da kowane irin barasa, wani lokaci har da abinci da ɗakin kwana. In kuwa "Beer Retailer" ko "Beerhouse Keeper" ka gani, ƙaramin gida ne. Waɗannan sun samo asali ne daga dokar 1830, wadda ta ba duk magidanci mai biyan harajin gida damar sayar da giya zalla in ya biya gini biyu, wato fam biyu da sule biyu, ga ofishin haraji, ba tare da ya je gaban alƙali ba. Sai a 1869 aka mayar da su ƙarƙashin alƙalai. Amfanin sanin wannan shi ne kada ka ɓata makonni kana neman mai ƙaramin gida na 1850 a takardun kotu, alhali ba ya can. Kuma kundayen 'yan kasuwa na zamanin, irin su na Kelly, sukan jera babbar mashaya da sunanta, amma mai ƙaramin gida sai su sa sunansa da lambar gida kawai. Jami'ar Leicester ta ɗora irin waɗannan kundaye masu yawa a intanet, kowa na iya dubawa kyauta.

Da zarar ka samu adireshi, ka saki sunan mutum ka kama gidan. Mutane suna ƙaura, gini ba ya tashi. Ka bi wannan lamba a kundi bayan kundi, za ka ga shekarar da sunansa ya bayyana da shekarar da ya ɓace, kuma kada ka yi mamaki in sunan matarsa ne ya maye gurbin, domin mata da yawa sun ci gaba da riƙe lasisi bayan rasuwar mazajensu. Zakin da ke allon nan shi kaɗai ba zai kai ka ko'ina ba. "Red Lion" na cikin sunayen mashaya da suka fi yawa a ƙasar, nemansa da suna kamar ka shiga Kano ne ka ce a nuna maka gidan Malam Musa.

Ka kuma kula da akwatin da ake zaɓar lardi a shafukan bincike, shi ne yake ɓoye wa mutane kakanninsu. Birmingham ta yau ba ita ce ta da ba. Kafin 1911 Handsworth tana Staffordshire, Yardley da King's Norton suna Worcestershire, Aston kuma tana cin gashin kanta. In ka zaɓi Warwickshire kawai, lardin da tsohuwar Birmingham take ciki, na'ura za ta bi umarninka sak, ta ce maka babu.

Tambaya: Hoton ya dushe, akwai wani rubutu a saman ƙofar amma ba ya karantuwa. Akwai manhajar da za ta gyara shi?

Amsa: Akwai, amma ka yi kaffa-kaffa. Manhajojin da ke "gyara" tsohon hoto da ƙirƙirarriyar basira ba tono abin da ya ɓace suke yi ba, cikewa suke yi da abin da suka zata. Ga fuska wannan ba laifi in ado kake so. Ga rubutu kuwa haɗari ne, za su iya haifa maka haruffan da ba su taɓa zama a allon ba, kai kuma ka kwashe su ka tafi bincike.

Abin da za ka yi: ka cire hoton daga gilashi in yana ciki, ka shimfiɗa shi kusa da taga da rana, ka kashe fitilar kyamara, ka riƙe wayar a miƙe ta fuskanci hoton sosai. In za ka samu sikana a ɗakin karatu, ka sa ta a 600 dpi ko sama. Ka ajiye na asalin kada ka taɓa shi, ka yi aiki a kan kwafi: mayar da shi baƙi da fari, ka riƙa ƙara bambancin haske da duhu a hankali kana zuƙowa. Kada ka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse shi, ƙananan haruffan su narke. Tura shi a matsayin fayil.

Rubutun saman ƙofa ya cancanci wannan wahala, domin a nan aka saba rubuta sunan mai lasisi da abin da aka yarda ya sayar. Manyan haruffan jikin bango kuwa galibi sunan kamfanin giya ne. A Birmingham za ka fi cin karo da Ansells ko Mitchells & Butlers. Na biyun a 1898 aka kafa shi, saboda haka in shi ka gani, hoton bai girmi wannan shekarar ba. Yana kuma nuna cewa mai yiwuwa dattijon ɗan haya ne ko manaja, ginin na kamfani ne. Iyalai da yawa sukan ce "kakanmu yana da mashaya", sai takarda ta nuna riƙo kawai ya yi. Ka shirya wa matarka wannan tun yanzu.

In ka tabbatar da titin, shiga shafin taswirori na Babban Ɗakin Karatu na Scotland. Kada sunan ya ruɗe ka, yana da tsofaffin taswirorin Ingila, kyauta. Akwai yanayin da yake raba allo biyu, tsohuwar taswira a hagu, hoton tauraron ɗan'adam na yau a dama, duk inda ka ja ɗaya sai ɗayan ya biyo. A tsohuwar ka nemi "P.H.", mashaya ke nan, ko "B.H.", ƙaramin gidan giya. Wannan a kwamfuta za ka yi shi, a waya yatsa yana rufe rabin unguwa. Bayan nan ka leƙa Google Street View ka ga ko ginin yana tsaye, amma kada ka dogara da lambar gida, an sha sauya lambobi da sunayen tituna.

Tambaya: Matata ta ce in tambaye ka, me zai hana mu ba ChatGPT sunan ya haɗa mana tarihin gaba ɗaya?

Amsa: Ka gaishe ta, ka ce mata abin da zai hana shi ne bai san mutumin ba, kuma in aka matsa masa zai iya ƙaga shekara da sunan titi cikin lafazi mai daɗi. Inda yake da amfani shi ne ya fassara muku tsohuwar kalmar shari'a, ko ya tsara bayanan da ku kuka tattara.

Ko shafukan da kuke biya ma ba a miƙa musu wuya. Abin da injin bincike yake dubawa ba takardar asali ba ce, kwafin da wani mutum ko na'ura ta karanta ta buga ne. A rubutun Turawan da, babban L da S suna kama, haka T da F, har mai tsaga katako "Sawyer" yakan koma lauya "Lawyer". Don haka ka riƙa sa alamar tauraro a madadin haruffan da kake shakka, ka gwada bincike da sunan yanka da shekara da unguwa kawai ba sunan gida, kuma kullum ka buɗe hoton takardar ka gani da idonka.

Jaridu sun fi kowa wannan ciwo, domin na'ura ce ta karanta su daga tsohuwar tawada. Duk da haka a British Newspaper Archive ne mutumin zai tashi daga suna ya zama ɗan'adam. Ka haɗa sunan mashayar da na titin a cikin alamar zance. Za ka iya cin karo da ranar da alƙalai suka sauya lasisi zuwa sunansa, ko tarar da aka ci shi don ya wuce lokacin rufewa, ko zaman binciken mutuwar wani da aka yi a ɗakinsa, domin a zamanin Sarauniya Victoria a mashaya aka saba yin irin wannan zama. In kasuwa ta karye masa, London Gazette, jaridar sanarwar gwamnati, za ta faɗa, ita kuma kyauta ce. In ya bar gado, jerin wasiyyoyi daga 1858 yana shafin gwamnati.

Tambaya: Kuɗin waɗannan shafuka sun fara yi mini yawa. Akwai mafita?

Amsa: Ɗakunan karatu da yawa a Ingila suna ba masu katinsu Ancestry ko Findmypast kyauta a kwamfutocinsu, ka tambayi na unguwarku. FamilySearch ba ya karɓar ko kwabo, kuma yana da ƙidayar 1881. In za ka yi gwajin kyauta na 'yan kwanaki, ka sa tunatarwa a waya tun ranar farko, domin da kansa yake zarcewa ya ciri kuɗi daga katinka. Dabarata ita ce in tara duk tambayoyina a takarda, in biya wata ɗaya, in kwashe abin da nake so, in rufe.

Kafin ka rufe, ka sauke hoton kowace takarda, domin biyan ya ƙare ƙofar ta rufe. Ka ba kowane fayil suna mai ma'ana, shekara a gaba, sannan irin takardar, sannan titi. Ka fitar da bishiyar dangin a matsayin fayil ɗin GEDCOM, wanda manhajar Gramps ta kyauta take buɗewa, amma ka sani sunaye da ranaku yake ɗauka, hotunan ba sa biyo shi. In bishiyar tana buɗe ga jama'a, kada ka sa bayanan 'yarka ko na wani mai rai.

Rajistar lasisi ita kanta, wadda magatakardan kotu suke riƙewa tun dokar 1872, mai nuna sunan gida da mai ginin da mai lasisi da laifin da aka taɓa kama shi da shi, galibi ba ta intanet. Kundin Discovery na Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kew zai nuna maka inda take ajiye. Kai da kake Birmingham, sashen adana takardu yana cikin babban ɗakin karatun birnin. Ka nemi alƙawari kafin ka je, ka tambayi ƙa'idarsu kan ɗaukar hoto da waya, ka tafi da fensir domin ba a shiga da biro, ka kuma tafi da yarinyar in shekarunta sun kai a bar ta ta shiga.