Amsa: Faɗuwa kwas ɗaya na sa a maimaita aji?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko faɗuwa kwas ɗaya zai sa ka maimaita aji. A'a, a yawancin jami'o'in Najeriya kari-oba ne, wato ka wuce aji na gaba amma ka sake kwas ɗin da ka faɗi. Kwas ɗin zangon farko sai zangon farko na baɗi za ka sake, kuma shi za ka fara yi wa rajista kafin sababbi, jimlar kwasa-kwasan zangon kada ta wuce yunit 24 (yunit shi ne ma'aunin nauyin kwas).

Inda ɗalibai ke tafka asara shi ne zaton tsohon makin gwaji yana nan. Galibi sabo ake tarawa, don haka shiga aji dole ne. F ɗin kuwa, wato sakamakon faɗuwa, yakan ci gaba da jan CGPA (matsakaicin makinka na duk zangunan da ka yi) ƙasa ko an ci daga baya. Idan jarrabawar kari-oba ta yi karo da ta sabon kwas a jadawali, sanar da jami'in jarrabawar sashenku da wuri, a rubuce.