Wane osileta zan ba miksar rediyona?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa rediyon karɓa na zangon 7.0 zuwa 7.2 MHz, filtar IF ɗina (firikwensin tsakiya da ake mayar da kowace tasha zuwa gare shi) ta kiristal ce mai 9 MHz. Ina da miksa ADE-1 da kuma SA612. Wane osileta ya dace, na kwayil da kafasita ko Si5351?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗauki Si5351A, wato ƙaramin cif mai samar da firikwensi daga kiristal, ka sa shi ya fitar da 16.0 zuwa 16.2 MHz.

Miksa tana haɗa siginar tasha da ta osileta don ta fitar da 9 MHz ɗin filta, don haka lissafin ya ba ka hanya biyu: ka ƙara firikwensin tasha a kan 9, ka sami 16.0 zuwa 16.2, ko ka cire shi daga 9, ka sami 2.0 zuwa 1.8 MHz. Ta ƙasan tana ruɗar mutane domin osiletan kwayil ya fi zama daram a can, amma akwai tarko. Idan ka murɗa zuwa 7.2, osileta yana kan 1.8, ninkinsa na biyar kuwa 9.0 ne cif, wato tsakiyar filtarka, sai ka ji fito ba tasha. Ga shi kuma tashar da ke 11 MHz za ta shigo a matsayin inuwa, wato tashar da ba ka nema ba amma ita ma miksa ta mayar da ita 9 MHz. A hanyar sama inuwar tana 25 MHz, filta mai kwayil biyu a bakin eriya ta isa ta kashe ta. Sai dai kiristal ɗin yawancin allunan Si5351 shi ma 25 MHz ne, don haka ka nisanta allon daga ɓangaren eriya, ka rufe shi da gwangwani, ko ka nemi mai 27 MHz.

Osiletan kwayil a 16 MHz wahala ce kawai: da akwatin ya ɗau zafi sai firikwensi ya zame, muryar SSB (salon aika murya da ake amfani da shi a wannan zangon) ta koma kamar ta agwagwa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ƙarfin sigina. ADE-1 zoben diyod ne, yana son +7 dBm, wato miliwat 5 a kan om 50, kimanin bolt 1.4 daga ƙoli zuwa ƙoli. In ka ba shi ƙasa da haka diyod ba za su buɗe sosai ba, asara ta ƙaru, manyan tashoshi su riƙa cakuɗewa. Si5351 a saitin 8 mA yana ba da kusan +10 dBm. Sa kafasita 100 nF don tare DC, sannan resisto uku masu rage 3 dB: om 300 zuwa ƙasa, 18 a jere, wani 300 zuwa ƙasa. SA612 kuwa ɗan kaɗan yake buƙata, milibolt 200 zuwa 300 a ƙafa ta 6. Resisto 1k da om 100 za su sauke bolt 3.3 zuwa 0.3. Ni dai a zangon 7 MHz da dare ADE-1 zan zaɓa, SA612 ba ya jure tashoshi masu ƙarfi.

Kada siginar mai kusurwa huɗu ta dame ka. Miksar diyod makunni ce, buɗewa da rufewa take yi, ba ta buƙatar a tace mata.

Saura saiti. Kuskuren 30 ppm (kashi 30 cikin miliyan) a kiristal yana zama 480 Hz a 16 MHz, kunne zai ji. Auna da kawunta, na'urar auna firikwensi, bayan allon ya yi minti goma a kunne, ka sa gyaran a manhajar Arduino da ke sarrafa allon. In har yanzu yana zamewa tsakanin sanyin asuba da zafin azahar, canza kiristal ɗin da TCXO, wato osiletan kiristal mai gyara kansa idan zafi ya canza. Idan za ka ɗauki BFO (osileta na biyu da ke mayar da 9 MHz ɗin zuwa murya) daga allon, yi amfani da ƙafafun fitarwa CLK0 da CLK2, ka kashe CLK1, domin ƙafafun da ke kusa suna zubar wa juna sigina.