Tambayi Likita: Askirim, Sikeli da Shayin Sanamaki

Assalamu alaikum. Zafi ya kankama, saboda haka ban yi mamaki ba da na ga yawancin wasiƙun wannan makon a kan askirim suke. Ga waɗanda na zaɓo.

Tambaya: Likita, ina lissafin kalori don in rage ƙiba. A jikin robar askirim ɗin da nake saya an rubuta kalori 110. Wata biyu ke nan ina shan ludayi biyu kowane dare, ina rubuta 110, amma nauyina ko motsi bai yi ba. Ina matsalar take? Daga wata 'yar'uwa a Jidda.

Amsa: Hajiya, ɗauko robar ki sake duba abin da ke gefen 110 ɗin nan. Ina kyautata zaton mililita 100 aka rubuta, ba giram 100 ba, kuma ba ludayi biyu ba. Askirim da iska ake bugo shi a masana'anta, mai araha kusan rabinsa iska ce. Shi ya sa lita ɗaya tasa ba ta wuce giram 500 zuwa 550, alhali mai tsada, wanda aka rage wa iska aka ƙara masa mai, ya fi haka nauyi nesa ba kusa ba. Ludayi ɗaya na wannan da ludayi ɗaya na wancan ba kalori ɗaya ba ne. Kuma ludayin gidanki ba shi ne na kamfani ba, balle idan hannu ya saba tulawa.

Abin da ba ya ruɗi shi ne nauyi. Askirim ɗin banila na gama-gari yana da kalori kusan 200 a kowane giram 100, da suga wajen giram 21, wato ƙaramin cokali biyar. Masu tsada suna kai 250 ko fiye. Ki nemi ƙaramin sikelin kicin, riyal kaɗan ne. Ɗora kwano a kai, danna maɓallin da ke mayar da shi sifili, sannan ki zuba. Giram 60 zuwa 70 ya isa mai neman rage ƙiba, kalori 120 zuwa 140 ke nan. Ranar farko za ki ji haushi idan kika ga ƙanƙantarsa a gindin kwano, don haka ki sa a finjali ko ƙaramin kofin shayi, ki mayar da robar firiza kafin ki zauna. Ci daga cikin roba ana kallon talabijin kuwa, babu lissafin da zai kama shi. A shago abin ya zo da sauƙi, tun 2019 hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta tilasta wa gidajen abinci rubuta kalori a jerin abin da suke sayarwa. Sai dai ki tambaya ko an haɗa da cakulan da gyaɗar da ake barbaɗawa a kai. Idan kin gyara awo wata uku ba canji, ki je a duba miki suga da sinadarin tayiroyid, wato na ƙullun nan da ke gaban wuya.

Tambaya: Surukata ta hana yara shan askirim, wai shi ke sa musu mura. Gaskiya ne? Daga Madina.

Amsa: A'a. Ƙwayar cuta ce ke kawo mura, yara a makaranta suke kwasota. Amma kada ki yi musu da Inna, don haƙoran jikokinta take ceta.

Tambaya: Likita, 'yata mai shekara 17 ta fi kowa iya awon abinci, komai sai ta ɗora a sikeli. Duk ranar da ta sha askirim ya wuce lissafinta, sai ta dafa sanamaki mai kauri ta sha da dare, wai ya wanke kalorin kafin ya zama kitse. Ƙawayenta ma haka suke yi. Ni dai na ga ganye ne, a shagon masu kayan ƙamshi muke saye. Akwai illa? Daga wata uwa a Shara Mansur, Makka.

Amsa: Hajiya, wannan wasiƙa taki ta fi duk sauran tayar mini da hankali, ki karanta amsar a tsanake.

Farko dai, sanamaki ba ya wanke kalori. Abinci idan ya bar tumbi, ƙaramin hanji yake shiga, a can jiki ke tsotse suga da mai cikin 'yan sa'o'i. Shi kuwa sanamaki, filaskon nan da muka sani tun a gida, sai ya isa babban hanji yake fara aiki, bayan awa shida zuwa goma sha biyu. Kafin ya murɗa mata ciki da asuba, sugan askirim ya riga ya shiga jini tuntuni. Ihu ne bayan hari. Abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki. Idan ta hau sikeli da safe ta ga kilo ɗaya ya ragu, ruwan jikinta ne ya tafi, da ta sha ruwa zai dawo. Sai ta ɗauka ta sake yin ƙiba, ta ƙara kaurin shayin. Haka abin yake kama mutum.

Cikin gishirin da ke zuba akwai fotasiyam, wanda zuciya ke dogara da shi wajen bugawa daidai. Idan ya yi ƙasa sosai, bugun zuciya yana rikicewa, yana ma iya tsayawa, ko da yarinya ce mai jini a jika. Ki haɗa wannan da zafin Makka da ke haura digiri 45, ga gumi ga gudawa, ƙoda ma ba ta tsira ba. Wallahi na gaji da jin "ai ganye ne". Zaƙami ma ganye ne! Sanamaki magani ne na taurin bayan gida, ana shan sa na 'yan kwanaki, ba a wuce mako ɗaya ba tare da likita ya sani ba. Masu ɗaure shi a leda suna sayar wa 'yan mata da sunan shayin rage tumbi, su ji tsoron Allah.

Sai abin da ya fi shayin girma. Yarinyar da ke auna kowace loma, ta ji ta yi laifi idan ta ci, sannan ta nemi hanyar fitar da abin da ta ci, tana kan hanyar cutar da muke kira bulimiya, ko ta riga ta shiga. Cuta ce, ba iskanci ba ce, ba kuma aljanu ba. Ki lura: tana tashi zuwa banɗaki da zarar an gama cin abinci, ta buɗe famfo don kada a ji? Akwai tabo ko kanta a bayan yatsunta? Kumatunta sun kumbura ta wajen kunne? Haƙoranta suna tsami, al'adarta ta rikice? Waɗannan alamun mai sa kanta amai ne.

Kada ki yi mata faɗa, kada ki tara mata 'yan'uwa. Masu ce mata "kin yi ƙiba, wa zai aure ki?" ko da wasa, a ja musu kunne. Ki kai ta asibiti cikin makon nan a auna gishirin jininta da ƙodarta, a duba zuciya, sannan a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa. Na san zancen iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, da inshora yana sa mutanenmu ja da baya, amma gwajin nan a ƙaramin asibitin unguwa bai kai kuɗin kwana ɗaya a ɗakin masu jinya ta musamman ba. Kina iya kiran 937, layin ma'aikatar lafiya, a ba ki shawara. Idan ta daina shan sanamakin za ta iya samun taurin ciki da ɗan kumburin ƙafa na kwanaki, yana wucewa, kada ya sa ta koma. Idan kuwa ta ce zuciyarta na faɗuwa, ko jijiyoyinta na ɗaurewa, ko jiri ya kayar da ita, kada ki jira gari ya waye, ki kira motar asibiti a 997. Shawarar sikelin da na ba 'yar'uwarmu ta Jidda ba ta shafi 'yarki ba, ita a ɗauke mata shi. Na sake faɗa, cikin makon nan, Hajiya. Iyayen ƙawayen nata ma ki sanar da su.

Tambaya: Ina da ciwon suga, ina shan Diamicron. Idan zan sha askirim sai in ƙara ƙwaya ɗaya don ta cinye sugan. Ya yi? Daga wani direba a Jidda.

Amsa: Bai yi ba, Malam, kuma kana riƙe da sitiyari! Wannan ƙwaya tana sa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini, na sa'o'i masu yawa. Sugan askirim zai wuce, ita tana nan tana aiki, sai suganka ya faɗi ƙasa da 70 a na'urar awo kana tsakiyar hanyar Makka. Gumi, karkarwa, gani dishi-dishi, daga nan sai suma. Idan ka ji haka ka faka nan take, ka sha rabin kofin lemon kwali ko suga ƙaramin cokali uku zuwa huɗu, ka sake aunawa bayan minti 15. Kana iya shan giram 50 zuwa 60 jefi-jefi bayan abinci, ka rage shinkafar ranar, ka auna bayan awa biyu. Idan yana haura 180, ka bar shi. Ƙari ko ragin ƙwaya aikin likitanka ne, ka je ka faɗa masa abin da kake yi.

Tambaya: Wanda aka rubuta babu suga fa, zan iya shan son raina? Daga Ɗa'if.

Amsa: A'a. Mai da madara suna nan, kalorinsu na nan. Zaƙin da ake sawa a madadin suga, irin su sobitol, yana kumbura ciki ya sa gudawa idan ya yi yawa. Shi ma a auna shi.

Tambaya: Na bar roba a mota ta narke, na mayar firiza ta daskare. Ina da ciki wata biyar, in sha? Daga Makka.

Amsa: Zubar da shi, ƙanwata. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cutar da suka hayayyafa a cikin madarar da ta ɗumama, kuma akwai wata mai suna listeriya da ke iya taɓa ɗan da ke ciki. Idan kin riga kin sha, kika ji zazzaɓi ko ciwon jiki, ko bayan makonni ne, ki tafi asibiti a ranar ki faɗa musu abin da kika sha.